Alhaji Ƙwambo Ya Dawo Da Muryar Abuya

Masu bina a wannan shafi, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba na son Suhaib in turo mata lambarsa, ita ba ta da yanga. 'Yar uwa, karanta na yau tukuna. In kin gama har yanzu kina so, zan haɗa miki da kwatancen kantin maganin da yake aiki.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Hidaya. A Madina aka haife ni, a unguwar Sih, a nan aka haifi mahaifina ma, Malam Haladu, wanda muke kira Abuya. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano, ya bi ta Sudan ya zo aikin hajji, bai koma ba. Mahaifiyata kuwa, Ummi Mero, amarya aka kawo ta daga Kano, shi ya sa Hausa ta zauna a bakina, ba kamar 'ya'yan maƙwabtanmu ba da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta a unguwar Aƙiƙ. Suhaib ɗan Kano ne, ya karanci harhaɗa magunguna ya zo aiki nan. Ya gan ni ranar da na je karɓo wa Abuya maganin hawan jini, ya bi ta hanyar da ta dace har ya iso majalisin gidanmu, ɗakin da maza ke karɓar baƙi. Ummi ta riga ta ɗaura auren a zuciyarta, ta yi suna, har ta yaye na fari.

'Yar adawa ita ce Gwaggo Mariyamu, yayar Abuya. Tana da ɗa, Walid, wanda tun ina firamare take kira na matarsa. Walid mutum ne mai son zaman lafiya, ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, don faɗa ma sai an tashi daga kan kujera ake yin sa. A ganin Gwaggo, ba wa baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, 'yar gida asara ce: yau yana nan, gobe aikinsa ya ƙare ya naɗe ni ya kai ni inda ake ɗauke wuta. Abuya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce dai a bar yaro ya riƙa zuwa a ga kamun ludayinsa.

To, a gidanmu, in ka cire salla da abincin Abuya, babu abin da ba a wasa da shi kamar Layin Bayan Tasha. Wasan barkwanci ne da ake shiryawa a Kano, tun ina goye ake nuna shi, kuma da alama sai ya binne mu duka. Da a kaset 'yan umara ke kawo wa Ummi, aka koma faifai, yanzu a waya take kamowa ta jefa a talabijin. Ta san mutanen layin nan fiye da yadda ta san na benenmu. In mai shayin cikin wasan ya yi aure, da fara'a take wuni.

A cikinsu akwai Alhaji Ƙwambo, dillalin gidaje, maƙaryaci na ƙin ƙarawa, mai ba mutum uku hayar ɗaki ɗaya ya kuma zo ya raba faɗan. Shekarun baya ɗan wasan ya samu saɓani da masu shirin, sai suka rubuta cewa Ƙwambo ya tafi umara ya noƙe a Madina. Tun daga nan 'yan kallo ba su bar su sun sha ruwa ba. Kowane bidiyo aka saka, sharhi na farko shi ne a dawo da Ƙwambo. Ummi da kanta ta taɓa cewa in ta je Harami tana ɗan duba fuskoki ko Allah zai haɗa su.

Da aka sanar zai dawo, guruf ɗin matan unguwarmu ya kama da wuta. Wata ta ce an yi latti, wata ta ce ai ko a keken guragu aka turo shi za ta kalla. Ranar Juma'ar da za a nuna, Ummi ta yi mantu, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, da sambusa, ta dafa shayi da na'ana'ar Madina, ta fito da atamfarta ta fitar biki ta kafa ɗauri, kamar Ƙwambon zai ganta ta cikin gilashi. Gwaggo ta iso bayan la'asar cikin abayarta mai duwatsu, ƙamshin turarenta ya riga ta hawa bene. Suhaib ma ya zo, don Juma'a ce ranar zuwansa. Ni kuma na sa doguwar rigata ruwan zuma na ɗora abaya mai buɗaɗɗen hannu, wai ni ba don kowa na yi ba.

Maza suna majalisi, mu muna falo, ƙofar da ke tsakani Ummi ta bar ta a ɗan buɗe. Abuya kullum cewa yake ba ya kallon shirme, amma ranar ya kunna nasu talabijin ɗin, wai don baƙo.

Sai ga adaidaita ta tsaya a bakin layi, Ƙwambo ya sauko. Farar jallabiya irin tamu, hular Kano a ka, jan shimag, gyalen nan na mazan Larabawa, a yafe a kafaɗa maimakon a kai. A hannunsa carbi ruwan ƙwai, yana buga shi a tafin hannu. Mai adaidaita ya ce kuɗinsa, Ƙwambo ya dube shi daga sama har ƙasa, ya gyara murya ya ce, "Ya muhtaram, mafi mushkila. Amma akwai matsala."

Masu karatu, bari in gaya muku yadda mahaifina yake shiga. Farar jallabiya, hular Kano, jan shimag a kafaɗa, don a cewarsa kai na Kano ne, kafaɗa ta Hijaz. Carbinsa ruwan ƙwai ne. Daga limamin unguwa har mai kawo iskar gas, kowa ya muhtaram ne a wurinsa, wato ya mai girma. Kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya amince da abu ba tare da ya ce babu matsala da Larabci, ya kawo matsalar da Hausa ba.

Dariyar Ummi ta fara, ta tsaya a rabi. Gwaggo kuwa sai da ta ƙware da sambusa, tana tari tana nuna ƙofar majalisi da yatsa. Ni na ɗauki tiren shayi na shiga wurin mazan don in ga fuskar Abuya. Ya haɗe rai yana kallon talabijin, yana buga carbi a tafin hannu. Suhaib ya sunkuyar da kai yana karanta zanen kafet kamar za a yi masa jarrabawa a kai.

Abuya ya ce wannan wane irin shashasha ne, babu mai magana haka a duk faɗin Madina. Na miƙa masa shayi na tambaye shi ko ya yi daidai. Ya kurɓa ya ce, "Mafi mushkila, ya binti. Amma akwai matsala, sukarin ya yi yawa."

Suhaib ya ƙware shi ma. Na ba shi ruwa har da sannu. Ku riƙe wannan sannun, don har yau ina jin haushinta.

Kafin gari ya waye maganar ta zagaye duniya. 'Yan Najeriya a ƙarƙashin bidiyon kamar an ba su kujerar Makka. Wani ya rubuta cewa yau shirin ya farfaɗo daga doguwar suma. Wata ta ce Ƙwambo ya yi tumbi, ai da gani dabinon Madina ya karɓe shi. Akwai wani bawan Allah da ya rubuta doguwar maƙala yana kuka da cewa an lalata musu Ƙwambon asali, na da ƙarya yake yi da fasaha, na yanzu ba abin da ya iya sai Larabcin tasha, kuma shi daga yau ya daina kallo. Sati na zagayowa shi ne na farko a sharhi. Matasa suka ɗauki kalmar suka maida ta waƙa. Wata malamar makarantarmu 'yar Sudan, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta tare ni a bakin aji tana ce min akwai matsala.

A Sih kuwa ba wanda bai gane ba. Samari a ƙofar masallaci suka fara gaishe da Abuya da ya muhtaram, su riga shi faɗa, shi kuma ya dawo gida yana yabon tarbiyyar yaran zamani. A guruf ɗin mata aka rabu. Masu cewa abin alfahari ne, yau an san da mu a gida, da masu cewa raini ne. Gwaggo ita ce ke tura guntayen bidiyon tana ɗora hoton dariya, sannan ta biyo da saƙon murya mai tsawon huɗuba tana cewa an ci mutuncin ƙaninta. Duka biyun da zuciya ɗaya take yi.

Ni da farko dariya na yi, ba zan ɓoye muku ba. Abin ya daina ba ni dariya ne a kashi na gaba, da aka nuna abin da Ƙwambo ya yi ta yi a Madina duk shekarun nan. Wai bara yake a bakin Harami, yana bin alhazai da hannu a miƙe yana ce musu ya muhtaram, in sun shiga salla ya zaɓi takalmi mai kyau. Da muryar mahaifina. Da shimag a kafaɗa. Mutumin da ya tsufa yana aiki a ofishin motocin alhazai har ya yi ritaya, wanda ko biro na wani ya manta a aljihunsa sai ya koma ya mayar.

Sharhin ranar na karanta shi da zafin ido. Haka 'yan takari suke, in ji wani. Wata ta ce duk wanda ka ji ya daɗe a can, to roƙo ne sana'arsa. Mutanen da in sun zo umara a gidanmu suke cin tuwo, su tafi da zamzam da dabino, su ne ke ba da shaida a kanmu. Ummi ta kashe talabijin kafin a gama, abin da ban taɓa gani ba. Abuya ya tashi ya tafi masallaci tun kafin a kira salla.

Nan Gwaggo ta samu abin da take nema. Ta zo gida takanas, ta zauna ba ta ko cire niƙabi ba, ta ce a yi lissafi mana: masu shirin nan ba su taɓa zama da Haladu ba, to wa ya kai musu shi? Waye ɗan Kanon da ke zama a majalisin nan duk Juma'a yana zare ido yana cewa na'am Baba? Ta ce da ɗan gida ne, irin Walid, ai ba zai yi haka ba. Na ce gaskiya ne Gwaggo, kwaikwayon mutum sai an saurare shi, shi kuma Walid tun da ya sayi abin toshe kunnen nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ummi ta harare ni. Na kare Suhaib iya ƙarfina ranar. Na ce mutum ne mai kunya, ko ido ba ya iya haɗawa da Abuya. Allah Sarki ni, lauyar da ba a biya.

Ranar Talata ina hutun tsakar rana a makaranta, yara sun yi barci, na buɗe waya na ga ana ta yaɗa wata hira da marubucin shirin, wani Abdulazeez. Mai tambaya ya ce masa ina ya samo sabon Ƙwambo, don 'yan kallo sun ce kamar mutumin gaske. Ya yi dariya ya ce ai mutumin gaske ne. Ya ce yana da ƙani a Madina mai aikin magani, yana neman aure a wani gida, to shi ne in ya dawo daga gaisuwa yake turo musu saƙon murya a guruf ɗin gidansu yana kwaikwayon surukin nasa. Har ya ce bari ma ku ji. Ya kara waya a bakin makirfo.

Muryar Suhaib ce. Ya iya kuwa, har da ɗan gyaran muryar da Abuya ke yi kafin ya ce amma. A bayansa ana jin dariyar Suhaib ɗin da kansa, irin wadda ban taɓa jin ya yi a gidanmu ba.

Na tura masa bidiyon. Na rubuta: "Mabruk. Ashe fannan, gwanin kwaikwayo, muke shayarwa duk Juma'a ba mu sani ba."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito ta ɓace, ta fito ta ɓace. Can sai ga: "Hidaya don Allah ki ɗauki waya."

Na rubuta: "Da wace murya za ka yi min magana, taka ko ta mahaifina?"

Ya yi ta kira har na gaji na fita baranda na ɗauka. Ya ce wallahi ba da mugun nufi ya yi ba. Mahaifiyarsa ce kullum take tambayar wane irin gida ne, wane irin mutum ne uban yarinyar, shi kuma Baba yana burge shi, sai ya riƙa yi musu yadda yake magana don su san shi. Bai san yayansa yana tarawa ba sai da aka kusa nunawa. Ya roƙe shi ya cire, ya ce an riga an ɗauka. Maganar bara kuwa shi ma a talabijin ya gani, ya kira yayan nasa sun yi faɗan da har yanzu ba sa magana.

Na ce to duk na ji. Amma ranar da ya zauna a kan kafet ɗinmu yana cin mantun Ummi, ya san abin da zai sauko daga adaidaitar nan, me ya hana shi buɗe baki? Ya ce tsoro. Ya ce ya san in ya faɗa zai rasa ni.

"Sai ka zaɓi ka rasa ni a gaban jama'a," na ce. "Ka zo ka faɗa wa Abuya da bakinka. In ba za ka iya ba, hawan jininsa ma za mu canza masa kanti."

Da na koma gida na tarar Ummi ta riga ta gani, tana zaune a kicin ta tasa albasa a gaba ba ta yanka ba. Na ɗauka za ta ce a rufe masa ƙofa. Ina. Cewa ta yi in rufa mata asiri kada Abuya ya ji. Ta ce yaro ya yi kuskure, waye ba ya yi, kuma iyayensa sun riga sun sa ranar zuwa umara don su zo gaisuwa, ita kuma ta gaya wa danginta na Kano kaf. Ta ce in na kori wannan, Mariyamu za ta shigo da Walid ta ƙofar gaba, kuma wannan karon ba ta da bakin hanawa. Na ce Ummi mijinki fa aka maida mabaraci a gaban duniya. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ta sani, ita ma kwana take ba barci. Sannan ta ce, a hankali, ita dai tana so in ta mutu a ce akwai wani nata da ke zuwa Kano. Na ɗauki wuƙa na yanka mata albasar.

Ɓoyon ma bai da amfani, don Gwaggo ta riga ta tura wa Abuya bidiyon har sau biyu, ko na farko bai shiga ba. Muka zuba ido mu ga fashewa. Fashewar ba ta zo ba. Ya ci abinci, ya yabi miya, ya kawo matsalar gishiri, ya tafi masallaci.

Ranar Juma'a bayan la'asar Suhaib ya zo. Ya sa shadda ruwan toka da hula, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Abuya ya shigar da shi majalisi ya tura ƙofa. Ummi ta ɗora min tiren shayi ta ce in kai, ni kuma na kai shi daidai bakin ƙofa na tsaya. Kada wadda ta ce min laɓe ba kyau. Na sani.

Suhaib ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce shi ne ya tura, shi ne ya yi shiru, kuma duk hukuncin da Baba ya yanke ya karɓa. Abuya ya bar shi ya kai aya, ina jin ƙarar carbi a tafin hannu.

"Ya muhtaram," in ji Abuya, "kai a ganinka ban san muryata ba?"

Ya ce tun saukar mutumin daga adaidaita ya gane kansa, kuma da ya waiwaya ya ga Suhaib yana ƙirga zaren kafet ya gane wanda ya kai shi. Ya yi kamar bai gane ba ne saboda Mero. Ya ce matar nan an rabo ta da garinsu tana yarinya, iyayenta sun rasu ba ta kusa, abin da ya rage mata na Kano shi ne layin nan na ƙarya da take leƙawa duk sati. In ya nuna ya ji ciwo, za ta daina kallo don shi, shi kuma ba shi da wani Kanon da zai ba ta.

Tiren ya yi min nauyi a hannu. Ban taɓa jin Abuya ya yi maganar Ummi haka ba. A gabanmu iyakarsa ya ce shayinta ya yi sukari.

Ya ce hula da shimag da salon magana duk bai dame shi ba, ai nasa ne, kowa ya gani ya yi dariya halal. Abin da ya tsaya masa shi ne hannun da aka miƙa. Ya ce mahaifinsa ya yi shekaru a hanya, yana tsayawa gari gari yana noma yana ɗinki kafin ya ƙara gaba, don kada ya iso garin Annabi da hannu a miƙe. Su kuma 'ya'yansa sun tashi a nan ana ce musu baƙi, in sun waiwaya gida a ce musu mabarata.

Suhaib ya ce zai sa yayansa ya fito ya ba da haƙuri. Abuya ya ce ba ya son haƙurin waya. In dai da gaske ne, a gyara a cikin wasan, inda aka ɓata. Sannan ya ce, "Yanzu yi min. Yadda kake yi musu. Ina so in ji da kunnena."

Na ji Suhaib yana rantsuwa yana roƙo. Abuya ya ce ba inda za shi sai ya yi. Haka ya daure ya gyara murya, ya yi ya muhtaram ɗin da sauran, cikin wata siririyar murya kamar ta akuyar da ta sha ruwan sama. Abuya ya ce a waya ya fi iyawa. Wallahi na ji alamar dariya a maƙogwaronsa.

Ya ce shi nasa ya yafe, amma ba shi za a aura ba. Sai ya ɗaga murya kaɗan. "Hidaya, shigo. Shayin nan ya huce tun ɗazu a hannunki."

Na shiga da kunya ta kamar in nutse. Na ajiye tire. Abuya ya ce na ji komai, ba sai an maimaita min ba, to ga ni ga shi, in faɗi abin da ke raina, kuma ba Mero ba, ba Mariyamu ba, ba wanda zai sa ni ko ya hana ni.

Zan faɗa muku gaskiya, zuciyar nan tawa marar aji ta riga ta fara laushi. Ya zo, ya faɗa da bakinsa, ya sha kunya a gabana. Na shirya zan ja masa rai na sati biyu, in sa ya yi ta aike, sannan in sauko a hankali kamar ana roƙona. Har na buɗe baki.

Suhaib ya riga ni. Ya ce kafin in yi magana akwai sauran abu ɗaya, gara a ji daga bakinsa. Ba muryar Baba kaɗai ya tura ba. A kashin mako mai zuwa, 'yar Alhaji Ƙwambo za ta iso daga Madina.

Na tambaye shi wace 'yar. Ya ce wata mai baƙar magana, malamar yara. Ya ce an riga an ɗauka, har an haɗa.

Abuya ya gyara zama, da alama abin ya fara yi masa daɗi. Ya ce to madalla, tunda an yi uba a yi 'ya, yi mana ita mu ji.

"Baba, wannan ba zan iya a gabanka ba."

"Saboda me?"

Suhaib ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun shigowata, kuma daga kallon na gane wace magana ce. Ranar da ya tambaye ni a waya ko da gaske ina son sa ko kuwa ɗan Gwaggo zan bi, ni da ba na iya cewa e kamar sauran 'yan mata, sai na ce masa gara in auri injin wankinmu da in auri Walid, shi dai in an danna yana motsi. Ban tsaya nan ba. Na ɗora da Gwaggo, da muryarta, da yadda take kai gulma da dariya ta biyo ta da kuka, da turarenta mai riga ta hawa bene.

Wannan za a nuna Juma'a mai zuwa. Kano za ta gani, Sih za ta gani, guruf ɗin mata zai yanka shi gunduwa gunduwa.

Abuya ya ajiye carbinsa a kan kafet, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Daga falo na ji an buga ƙararrawar ƙofa, na ji Ummi tana cewa maraba da Yaya, sannu da hawa bene.

"Ya binti," in ji Abuya, "tunda shi ba zai iya ba, ke yi mana. Ga gwaggonki ma ta iso, sai ta taya mu ji."